Filin Tambaya da Amsa: Modem Ɗaya, Kira Shiga da Kira Fita a Tsohuwar Kwamfuta

Wasiƙu huɗu ne suka zo mana a wannan wata a kan abu guda, wato modem irin na da, wanda ake haɗawa da layin wayar girke. Yau idan aka ce modem, hankalin yawancin matasa yana tafiya ne kan ɗan abin nan mai kama da filashi da ake sa wa layin salula a ciki. Wanda masu karatunmu suke tambaya a kai akwati ne mai jerin fitilu a gaba, ko kuma kati da ake sokawa a cikin kwamfuta, kuma aikinsa shi ne ya mayar da bayanan kwamfuta sauti domin su bi layin da aka yi don muryar ɗan Adam, a can ɗaya gefen kuma wani modem ɗin ya sake mayar da sautin bayanai.

Tambaya ta farko, daga wani injiniya a Kaduna: Assalamu alaikum, Malam. A masana'antar da nake aiki akwai wata tsohuwar kwamfuta mai Linux na farkon shekarun 2000 wadda take tattara ƙididdigar injina, kuma ba a yarda a haɗa ta da intanet ba. Mun sa mata modem na waje a kan layin cikin gida. Ina so in riƙa kiranta daga ofishina da ke ɗaya ginin, ita kuma ta riƙa kira da dare tana aika rahoto. Wani lokaci allonta yana nuna cewa an dakatar da getty, shirin da ke jiran mai kira, na minti biyar saboda yawan farfaɗowa. Wani lokaci idan na kira sai in ga haruffa marasa ma'ana. Tun da na kunna amsa kira kuma, kiran fita ya daina yiwuwa, ana cewa ƙofar kwamfuta da modem yake haɗe da ita a kulle take. Sau ɗaya ma na kira na tsinci kaina a cikin aikin abokin aikina, ba a tambaye ni suna ko kalmar sirri ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Da abin da ka ambata a ƙarshe zan fara, domin shi ne ya fi tayar mini da hankali, kuma fahimtarsa ce za ta warware sauran. Kebul ɗin da ke tsakanin modem da kwamfuta yana bin ƙa'idar RS-232, kuma ba wayoyin aikawa da karɓa kaɗai ne a cikinsa ba. Akwai wasu wayoyi da aikinsu ba da labari ne kawai, biyu daga cikinsu kuwa su ne ginshiƙin duk wannan aiki. Ta farko ita ce DCD, wadda modem yake ɗagawa domin ya shaida wa kwamfuta cewa akwai wani a kan layi. Ta biyu ita ce DTR, wadda kwamfuta take ɗagawa domin ta shaida wa modem cewa a shirye take, idan kuma ta sauke ta, ma'anarsa ya ajiye waya. A filogi mai fil 9, DCD tana fil na 1, DTR tana na 4. A mai fil 25 kuwa, DCD tana na 8, DTR tana na 20.

Idan mai kira ya ajiye waya, modem yana sauke DCD, sai Linux ta ga haka ta aika wa duk shirin da mutumin ya bari a buɗe saƙon katsewa, a rufe zamansa, a sake fito da wurin rubuta suna don mai zuwa. To amma yawancin tsofaffin modem suna da saiti mai suna &C0, wanda yake sa DCD ta zauna a ɗage kullum, ko da kowa a layi ko babu. A irin wannan hali kwamfuta ba ta da yadda za ta san abokin aikinka ya tafi, sai ta bar masa zamansa a buɗe, duk wanda ya kira bayansa kuma ya gaje shi da dukkan ikonsa. Da a ce mai kula da kwamfutar ne ya bari a haka, da duk wanda ya san lambar ya zama mai kula da ita. Gyaran shi ne &C1, wanda yake sa DCD ta faɗi gaskiyar abin da ke kan layi, tare da &D2, wanda yake sa modem ya ajiye waya da zarar kwamfuta ta sauke DTR. Ka kuma duba kebul ɗin da mita, domin akwai kebul masu araha da waya uku kacal aka ja a cikinsu, wasu kuma an haɗe DCD da DTR a cikin filogin. Da irin wannan kebul babu saitin da zai yi maka amfani.

Waɗannan umarni, da ake rubuta wa modem da haruffan AT a farkonsu, sun samo asali ne daga Smartmodem ɗin da kamfanin Hayes na jihar Jojiya a Amurka ya fitar a 1981, kuma kusan duk masu ƙera modem na bayansa sun ɗauki salon. Za ka buɗe shirin magana da modem, wato minicom ko kermit, a kan ƙofar da modem yake, ka rubuta AT, idan ya amsa da OK ka san kuna jin juna. Sai ka rubuta AT&F domin ya koma saitin masana'anta, sannan AT&C1&D2, sannan AT&W domin ya adana saitin a ƙwaƙwalwarsa. Wannan na ƙarshe shi mutane suka fi mantawa, kuma a inda wuta take yawan ɗaukewa, saitin da ba a adana ba ba ya kwana. Da AT&V a mafi yawan modem, ko ATI4 a na US Robotics, za ka ga abin da ke ciki a halin yanzu. Idan naka Sportster ne ko Courier na waje, ka leƙa ƙananan makunnan da ke jikinsa, saboda akwai mai tilasta DCD, akwai mai sa a yi watsi da DTR, akwai kuma wanda yake sa modem ya riƙa tashi da saitin masana'anta duk lokacin da aka kunna shi, ya bar wanda ka adana.

Maganar yawan farfaɗowar getty ma daga nan take. Shi getty aikinsa ya jira mai kira, ya rubuta masa gaisuwa, ya nemi sunansa. Idan DCD a ɗage take kullum, sai ya ɗauka mutum ya iso, ya aika gaisuwarsa. Modem kuma, idan an bar shi yana maimaita duk harafin da aka aiko masa, sai ya mayar wa getty da gaisuwar, getty ya ɗauke ta a matsayin suna, ya nemi kalmar sirri, modem ya sake maimaitawa, har shigar ta gaza, getty ya mutu, init, shirin da ke tayar da sauran shirye-shirye, ya sake tayar da shi. Idan hakan ya yawaita cikin ɗan lokaci, init yakan dakatar da shi na minti biyar, wanda shi ne saƙon da kake gani. Za ka iya gane wannan da idonka, domin fitilun aikawa da karɓa na modem za su yi ta ƙyaftawa alhali babu mai kira. Ga getty na gargajiya, maganin shi ne E0 domin a hana maimaitawa, da Q1 domin modem ya daina furta RING da CONNECT, da S0=1 domin ya ɗauki waya da kansa bayan ƙara ɗaya.

Shawarata dai ita ce ka bar getty na gargajiya ka koma mgetty, wanda Gert Doering ya rubuta a Jamus musamman don irin wannan aiki. Shi mgetty ba ya barin modem ya ɗauki waya da kansa. Yana sauraron kalmar RING, sai ya aika ATA, ya karanta saƙon CONNECT, sannan ya miƙa mai kira ga wurin rubuta suna. Saboda haka saitinsa kishiyar na sama ne, wato S0=0 da Q0. Amfanin wannan shi ne idan kwamfutar ta sandare, wayar za ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, ka san akwai matsala. A fayil ɗin /etc/inittab layi ɗaya ya isa, kamar S1:2345:respawn:/sbin/mgetty -D -s 38400 ttyS1, sai ka rubuta telinit q domin init ya sake karanta fayil ɗin. Kada ka bar wani getty daban a kan ƙofar.

Haruffa marasa ma'ana kuwa alama ce ta saɓanin gudu. Gudu iri biyu ne a nan, kuma mutane da yawa suna gwama su. Akwai gudun da ke tsakanin modem da modem a kan layi, wanda su biyun suke sasantawa a lokacin kukan nan na farkon kira, akwai kuma gudun da ke tsakanin modem da kwamfutarsa a kan kebul. Idan modem ya haɗu a gudun bit 28,800 a daƙiƙa ya kuma sauya gudun kebul ɗinsa zuwa hakan, alhali getty yana jira a 38,400, abin da za ka gani shi ne tarkacen nan. Ana ɗaure gudun kebul ne a wuri ɗaya, kuma ya fi na layi, saboda matse bayanai na V.42bis yana iya sa rubutu ya fito da yawa fiye da abin da ya bi layin. A modem ɗin US Robotics umarnin shi ne &B1, kuma ka yi AT&W ɗinka a daidai gudun da getty zai yi aiki da shi, domin modem yana ɗaukar gudun ne daga umarnin da aka aika masa. Tare da wannan sai ka kunna tsarin da wayoyin RTS da CTS suke cewa a dakata ko a ci gaba, wanda shi ne &K3 a modem masu bin Hayes da Rockwell, &H1&R2 kuma a na US Robotics. Da umarnin setserial ka duba irin guntun lantarki (chip) da ke bayan ƙofar. Idan 16550A ne, mai ma'ajiyar haruffa 16, za ka iya kaiwa 57,600 ko 115,200. Idan 8250 ne ko 16450, masu riƙe harafi ɗaya, to ka tsaya a 9,600 ko 19,200, in ba haka ba haruffa za su riƙa zubewa duk lokacin da kwamfutar ta shagala da wani aiki.

Saura kiran fita. Layi ɗaya ne, masu buƙatarsa biyu, don haka dole a sami hanyar karɓa-karɓa. A FreeBSD da Solaris an ba ƙofa ɗaya suna biyu, ɗaya na mai jiran kira, wanda ba ya buɗuwa sai DCD ta tashi, ɗaya kuma mai farawa da cua na mai kiran fita, zuciyar manhajar (kernel) ce take raba musu lokaci. Linux ma ta taɓa yin haka da cua0 da cua1, amma daga sigar 2.2 ta zuciyarta aka ce a daina amfani da su, kowa ya bi ttyS, a riƙa sasantawa da fayil ɗin kulle irin wanda aka gada daga UUCP, tsohon tsarin aika fayiloli ta layin waya. Duk shirin da zai yi amfani da ƙofar yana ajiye ɗan fayil mai suna LCK..ttyS1, a ciki da lambar shaidar shirin, ya goge shi idan ya gama. Shi mgetty ba ya kulle ƙofar yayin da yake jira, kuma idan ya ga wani ya kulle ta, sai ya janye har a gama, sannan ya sake saita modem ɗin.

A nan gizo yake saƙa. Tsarin yana aiki ne kawai idan duk shirye-shiryen suna duba wuri ɗaya da suna ɗaya. Idan mgetty yana duba /var/lock, shirinka na dare kuma yana ajiye nasa a /var/spool/uucp, ko ɗaya yana kiran ƙofar ttyS1, ɗaya yana kiranta modem, to ba za su ga kullen juna ba, sai su yi ta wawason haruffan da ke shigowa. Haka kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar kira, fayil ɗin yana iya zama a wurin bayan mai shi ya mutu. Ka buɗe shi ka karanta lambar, ka duba da umarnin ps ko shirin yana raye, idan ba ya nan ka goge fayil ɗin. Idan pppd, shirin haɗa kwamfutoci ta modem, ne yake kiran dare, ka tabbata kalmar lock tana cikin saitinsa, domin sai an ce masa ya kulle yake kullewa. Bayan duk wannan, ka gwada da kanka: ka shiga, ka zare wayar daga bango ba tare da ka fita ba, ka jira ɗan lokaci, ka sake kira. Idan an tambaye ka suna, aikin ya yi.

Tambaya ta biyu, daga wata ma'aikaciyar ofis a Maraɗi: Malam, barka da aiki. Muna da kwamfuta mai Windows 98 da muke riƙe da ita saboda wata tsohuwar manhajar lissafi. Duk lokacin da muka so ta kira, sai ta nuna kuskure mai lamba 680, alhali idan na sa kan tarho a ramin ina jin layin da rai.

Amsa: Barka kadai, Malama. Lamba 680 tana nufin modem bai ji amon layi ba. Ki fara duba bayansa, domin rami biyu ne masu kama da juna, ɗaya na layin bango, ɗaya na kan tarho, kuma sau da yawa ana musanya su. Idan wannan daidai ne, to mai yiwuwa layinku ta akwatin rarraba wayoyin ofis yake bi, kuma amon irin wannan akwati yakan bambanta da wanda aka koya wa modem ɗin ya saurara. A saitin modem na Windows akwai wurin da aka yi alama cewa a jira amon layi kafin a buga lamba, ki cire alamar, ko kuma ki rubuta X3 a gurbin ƙarin saiti. Idan kuna danna 9 ko 0 kafin ku sami layin waje, ki sa wannan lambar a gaba da waƙafi bayanta, saboda kowane waƙafi yana sa modem ya dakata daƙiƙa biyu. Gargaɗi ɗaya nake so ki riƙe: wasu akwatunan ofis na dijital ne, kuma raminsu yana iya ƙona modem. Tunda kin ce kan tarho yana aiki a wurin, ki tabbata tarho ne na gama-gari, ba irin wanda aka sayo tare da akwatin ba.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, na sayi modem biyu na hannu a kasuwa domin aikin makaranta, amma babu wayar girke a inda nake. Shin akwai yadda zan sa su yi magana da juna?

Amsa: Akwai, ɗana, kuma na ji daɗin tambayar. Tun da salular GSM ta shigo Najeriya a 2001, layukan NITEL, tsohon kamfanin wayar gwamnati, suka yi ta ja da baya, har ya zama da wuya ka sami gida mai layi mai rai, don haka ba kai kaɗai ke cikin wannan hali ba. Kafin komai ka karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar wutar. Modem da aka yi don kasuwar Amurka da adaftar wuta mai bolt 120 yake zuwa, tamu kuwa 230 ce, kuma wasunsu wutar AC suke so daga adaftar, don haka kada ka soka musu duk wadda bakinta ya shiga.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka haɗa ramukan layinsu da igiyar tarho, ka rubuta ATX3D a kwamfuta ɗaya, ka rubuta ATA a ɗayar. Na farko zai buɗe layi ba tare da ya jira amo ba, na biyu zai fara kukan amsawa, kuma modem da yawa suna haɗuwa a haka. Wasu ba sa yarda sai sun ji wuta a layin, domin layin gaske yana ɗauke da wajen bolt 48 idan waya tana ajiye. Ko da sun haɗu ma, wannan hanya ba ta kawo ƙarar kira, saboda haka ba za ka iya gwada amsa kira da ita ba. Abin da ya fi shi ne ka nemi ƙaramin akwatin rarraba wayoyin ofis na analog, irin wanda otal da ofisoshi suka daina amfani da shi. Zai ba ka amon layi da ƙarar kira da lambobin cikin gida, ka sa modem ɗaya a kan lamba ɗaya, ɗayan a kan wata, ka kira da ATDT kamar yadda ake yi a da. Idan adaftar kiran intanet mai rami biyu ka samu, ka zaɓi tsarin murya na G.711, ka kashe soke amsa-kuwwa da datse shiru, ka rage gudu zuwa 9,600 ko 14,400. Tsarin G.729 da muryar salula an yi su ne don matse maganar mutum, kuma suna lalata sautin modem. Idan daga baya ka ja waya tsakanin gini biyu, ka riƙa zare ta idan hadari ya haɗu da damina, domin ta igiyar layi tsawa ta fi kashe modem.

Tambaya ta huɗu, daga wani mai gyaran kwamfuta a Kumasi: Malam, modem ɗina biyu duk an rubuta 56K a jikinsu, amma idan ɗaya ya kira ɗaya ba sa wuce 33,600. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Ba jabu ba ne, ɗan'uwa, haka aka yi su. Cibiyar wayar tarho tana ɗaukar samfurin sauti sau 8,000 a daƙiƙa, kowane samfuri bit 8, wanda ya ba da 64,000, kuma mayar da sauti lambobi a ofishin waya yana shigar da ɗan gurɓata da ke tsayar da modem na analog a wajen 33,600, iyakar ƙa'idar V.34. Dabarar 56K ita ce mai ba da intanet ya haɗu da cibiyar ta layin dijital kamar ISDN ko E1, ya aika lambobin kai tsaye, ta yadda ba a yin wancan mayarwa a hanyar zuwa wurinka. Shi ya sa saurin na saukowa ne kawai, hawa kuwa yana tsayawa a 33,600 a ƙarƙashin V.90, wadda hukumar sadarwa ta duniya ITU ta amince da ita a 1998 bayan takarar x2 ta US Robotics da K56flex ta Rockwell da Lucent. Daga baya V.92 ta ɗaga hawan zuwa 48,000. Naka modem biyun kowanne a kan layin analog yake, don haka V.34 za su koma, kuma idan kana samun 33,600 ɗin cif, layinka mai tsabta ne ƙwarai. Idan ka ga Windows ta nuna 115,200, gudun kebul take faɗa maka. A modem masu guntun Rockwell, W2 a gurbin ƙarin saiti zai sa ta nuna gudun layin na gaskiya.